Rumfunan tsofaffin littattafai na Maradana: abin da mai neman Kumaratunga Munidasa zai tarar

A birnin Kolombo, cibiyar kasuwancin ƙasar Siri Lanka, akwai jerin ƙananan rumfuna a gefen titin D. R. Wijewardene da ke unguwar Maradana, waɗanda ba su da wata haja sai littattafan da suka riga suka bi ta hannun wasu masu karatu. Daga tashar jirgin ƙasa ta Maradana ana iya isa wurin da ƙafa, kuma direbobin adaidaita sahu sun san inda ake nufi idan aka ce musu wajen masu tsofaffin littattafai. Rumfunan manne suke da juna, an cika kowace daga daɓe har rufi, hanyar da aka bari a tsakiya kuwa da ƙyar mutum biyu za su gifta juna a cikinta. Wanda ya taɓa tsayawa wajen masu sayar da littattafan addini a Kasuwar Kurmi zai gane tsarin nan take: babu kundin da aka rubuta sunayen kaya a ciki, domin kundin yana cikin kan mai rumfa. Hukuncina a kansu shi ne cewa wuri ne mai matuƙar amfani ga wanda ya zo da sunan abin da yake nema a rubuce, amma wanda ya zo yawon ido kawai, bai kuma iya karanta haruffan Sinhala, harshen mafi yawan mutanen ƙasar, ba, da wuya ya fita da abin da ya wuce ƙagaggun labaran Turanci waɗanda zai iya samu a kowane birni.

Ma'aunin da na ɗora rumfunan a kai shi ne ayyukan marubuci guda, wato Kumaratunga Munidasa, kuma da dalili na zaɓe shi. Mutum ne da ya rubuta waƙoƙin da yaro ɗan firamare yake rerawa, ya kuma rubuta nahawun da ɗalibin jami'a yake gumi a kansa, saboda haka duk shagon da zai iya haɗa wa mai saye ɓangarorin nan biyu ya cancanci a kira shi shagon littattafan Sinhala. An haife shi ranar 25 ga Yulin 1887 a yankin Dikwella da ke gundumar Matara, can kudancin tsibirin, a lokacin da ƙasar take ƙarƙashin mulkin Birtaniya da sunan Silon. Mahaifinsa mai maganin gargajiya ne. Ya koyi Pali da Sanskirit, tsofaffin harsunan Indiya, a makarantar addinin Buda ta Wewurukannala, sannan ya tafi Kolombo ya shiga kwalejin horon malamai ta gwamnati, ya gama a 1907. Daga nan rayuwarsa ta zama ta aji da allo: ya koyar, ya shugabanci makarantar Kadugannawa inda ake karatu da harsuna biyu, ya yi aikin sufeton makarantu, daga bisani ya shugabanci kwalejojin horon malamai na Nittambuwa da Balapitiya. Ya farfaɗo da jaridar Lakmini Pahana a 1934, ya fara fitar da mujallar Subasa a 1939, ya kafa ƙungiyar Hela Havula a 1941 domin tsarkake harshen Sinhala daga kalmomin aro. Ya rasu ranar 2 ga Maris na 1944 yana da shekara 56, saura shekara huɗu ƙasarsa ta sami 'yancin kai. Titin da hedikwatar Jami'ar Kolombo take a kansa a yau sunansa yake ɗauke da shi.

Abu na farko da mai neman Kumaratunga zai lura da shi a Maradana shi ne sauƙin samun littattafansa na yara. Hath Pana, Magul Kema da Heen Seraya, labaransa uku da suka fi shahara, kusan duk rumfar da na tambaya akwai aƙalla ɗaya daga cikinsu, kuma ba a ɓata lokaci wajen fito da su, domin ana ajiye su ne kusa da ƙofa tare da littattafan makaranta. Haka ma jerin littattafan koyon karatu da ya kira Kiyawana Nuwana, da tarin waƙoƙinsa na yara. Siraran littattafai ne, bangonsu ya sha hannu, an rubuta sunayen ɗalibai da lambar aji a shafin farko, wani sunan an soke shi an rubuta na ƙane ko ƙanwa a ƙarƙashinsa. Mai neman littafi mai tsabta zai ga wannan a matsayin aibi. Ni kam ina ganin shi ne mafi darajar abin da rumfunan suke sayarwa, domin babu wani tarihin marubucin da zai nuna yadda aikinsa ya ratsa gidaje kamar yadda waɗannan shafukan da suka sha fensir suke nunawa. Wani mai rumfa, dattijo mai furfura, da ya ji sunan da nake nema, sai ya rera mini waƙar zomon nan da ta fara da "Ha ha hari hawa" tun daga farko har ƙarshe ba tare da ya buɗe littafi ba, ya ce a ajin farko ya koye ta, jikokinsa ma ita suke rerawa.

Ga mai koyon Sinhala, waɗannan littattafan yara sun fi duk wani abu da ke rumfunan dacewa da kuɗinsa, kuma dalilin yana cikin sana'ar wanda ya rubuta su. Malami ne da ya daɗe yana kallon inda yaro yake tuntuɓe, saboda haka jimlolinsa gajeru ne, sauti yana maimaita kansa cikin baiti har harshe ya saba, kuma yana gina wahala a hankali daga darasi zuwa darasi. Ba ya yi wa yaro wa'azi kai tsaye sai nadiran. Ya fi son ya ba shi dariya da wautar wani ko dabarar wata dabba, ya bar shi ya tsinci darasin da kansa. Duk da haka bai sassauta ƙa'idar rubutu ba ko a labarin ban dariya, abin da ya sa wanda ya karance su yake shiga rubutaccen harshen ta ƙofar da ta dace. Ni da na koyi haruffan da girma na fi amfana da su fiye da littattafan koyon harshe da ake shirya wa baƙi, waɗanda galibinsu harshen baka kaɗai suke koyarwa da haruffan boko.

Wannan bambanci tsakanin harshen baka da na rubutu shi ne mabuɗin fahimtar sauran ayyukan Kumaratunga, shi ne kuma ya sa neman su a rumfunan ya fi wuya. A Sinhala ta rubutu aikatau yana canza siffa gwargwadon mai aikatawa, ni ne ko kai ne ko shi ne, mutum ɗaya ne ko jama'a, alhali a maganar yau da kullum siffa ɗaya ta wadatar ga kowa. Yaron da ya tashi da harshen a gida sai ya je makaranta yake koyon wannan tsarin, kuma Kumaratunga ya tsaya kai da fata a kan cewa tsarin da marubutan ƙarni na 12 da na 13 suka bi shi ne ma'auni. A kan haka ya rubuta Kriya Vivaranaya, wanda ya keɓe ga aikatau, da Vyakarana Vivaranaya, babban littafinsa na nahawu, duka a shekarun 1930, da Prabandhopadesaya a kan dabarun rubutun zube, da Virit Vakiya a kan karin waƙa. Waɗannan ba sa zama kusa da ƙofa. A rumfuna da dama amsar da na samu ita ce akwai shi amma ya fita, ko kuma a dawo bayan kwana biyu. Bayanin da masu rumfunan suka yi mini mai ma'ana ne: littafin yara ana sayar da shi idan yaro ya girma, amma malamin da ya mallaki littafin nahawu ba ya rabuwa da shi, sai dai magadansa su kawo shi bayan rasuwarsa tare da sauran abin da ke cikin akwatinsa.

A nan ne hidimar wurin take nuna kanta, kuma a nan na fi yaba musu. Mai rumfa, wanda ake kira mudalali, ba ya ce wa mai saye babu ya yi shiru. Yakan aiki yaronsa ya bi maƙwabta ɗaya bayan ɗaya, ko ya ɗaga waya ya tambayi wani abokin sana'a, kuma idan an samo littafin a wata rumfa shi ne zai karɓi kuɗin, su daidaita a tsakaninsu daga baya. Ta haka na sami Kriya Vivaranaya, aka kuma samo mini Piya Samara, marsiyyar da Kumaratunga ya yi wa mahaifinsa, wadda masana da yawa suke ɗauka a matsayin ƙololuwar waƙarsa. Ya rubuta ta da tsohon karin nan da ake kira gi, wanda ba ya dogara da amsa-amo, kuma maimakon kuka da kururuwa sai ya riƙa zana halayen mahaifin ɗaya bayan ɗaya cikin natsuwa. Harshenta mai nauyi ne, ban iya bin ta ba sai da taimakon wani malami, kuma ba na ba mai fara koyo shawarar ya fara da ita.

Sharaɗin samun wannan hidima shi ne mai saye ya zo da sunan littafi a rubuce da haruffan Sinhala, ko a takarda ko a fuskar waya. Sunan marubucin kansa yana rikitarwa idan an rubuta shi da boko, domin wasu suna fara shi da harafin K, wasu da C, wasu suna gabatar da Munidasa, wasu suna jinkirta shi, kuma akwai wasu fitattun mutane a ƙasar masu irin wannan suna, ciki har da tsohuwar shugabar ƙasa. Baƙon da ya furta sunan da lafazinsa na waje yana iya samun kansa riƙe da littafin siyasa. Turancin masu rumfunan ya isa ciniki, amma bai isa a tattauna bambancin bugu da bugu ba, don haka wanda yake da abokin da ya iya harshen ya tafi da shi.

Ɓangare na uku na aikinsa, wanda ya fi kowanne jan hankalina, shi ne sharhin tsofaffin littattafai, kuma shi ne wanda sa'a kaɗai take haɗa mutum da shi a Maradana. Kumaratunga ya tace ya kuma yi sharhin ayyuka masu yawa na zamanin da, ciki har da Sidat Sangarava, littafin nahawu na ƙarni na 13, da wasu daga cikin waƙoƙin saƙo da ake kira sandesa. Wannan salo ne da ya bunƙasa a ƙarni na 14 da na 15, inda sha'iri yake aiken tsuntsu da saƙo zuwa wani wurin bauta ko wani babban mutum, sai ya yi ta bayyana masa hanyar da zai bi, garuruwa da koguna da kasuwanni da mutanen da zai gani, har waƙar ta zama taswirar ƙasar a zamaninta. Akwai ta ɗawisu, akwai ta tantabara, akwai ta aku, kuma Kumaratunga ya yi sharhin waɗannan. Wadda ta fi shahara a salon ita ce Salalihini Sandesaya ta Totagamuwe Sri Rahula, inda tsuntsuwar take tashi daga Kotte zuwa Kelaniya, wurare biyu da suke kewayen Kolombo ta yau. Na sami sharhin waƙar aku a wata rumfa, tsohon bugu, takardarsa ta yi ja, gefen shafukan cike da bayanan wani ɗalibi da ƙananan haruffa. Hanyar sharhin Kumaratunga hanyar aji ce: yakan kawo baiti, ya warware shi kalma bayan kalma, ya faɗi ma'ana, sannan ya nuna inda yake ganin masu kwafe littafin a kan ganyen giginya suka yi kuskure. Inda ake sukarsa shi ne yakan gyara nassi ya daidaita shi da ƙa'idar da ya yarda da ita, ko da kwafe-kwafen da ake da su ba su goyi bayan gyaran ba, kuma wanda zai sayi waɗannan sharhohi domin bincike ya kamata ya riƙe wannan a ransa.

Wani alherin irin wannan kasuwa, wanda shagon sababbin littattafai ba ya bayarwa, shi ne tana ajiye mutum kusa da abokan jayayyarsa. A kanta ɗaya za a iya ganin nahawun Kumaratunga jingine da na Wilhelm Geiger, masanin nan Bajamushe wanda Kumaratunga ya yi ta suka a rubuce, har ya fitar da mujallar Turanci mai suna The Helio a 1941 domin hujjojinsa su isa ga masu karatun boko. Geiger da masu bin hanyarsa sun nuna cewa Sinhala ɗaya ne daga dangin harsunan arewacin Indiya, ɗan'uwansa mafi kusa shi ne harshen tsibiran Maldif, kuma a kan haka ilimin harsuna yake har yau. 'Yan Hela Havula sun fi karkata ga cewa harshen da mutanensa 'yan asalin tsibirin ne, kuma wannan ra'ayi bai samu karɓuwa a wajen masana ba. Haka nan yunƙurinsu na korar kalmomin Sanskirit da Pali bai ci nasara yadda suka so ba, domin jaridu da takardun gwamnati cike suke da su. Amma ƙungiyar ta fitar da mutane masu nauyi irin su Rapiyel Tennakoon da Arisen Ahubudu, waɗanda su ma malamai ne kuma sha'irai, kuma littattafansu suna bayyana a rumfunan jefi-jefi. Ba za a rasa mai tambayar alaƙar wannan kishin harshe da dokar 1956 wadda ta mai da Sinhala kaɗai harshen hukuma ba, dokar da ta ɓata wa Tamilawa, wata al'ummar ƙasar mai nata harshe daban, rai ta kuma zama ɗaya daga cikin tushen rikicin da ya kai ga yaƙin 1983 zuwa 2009. Kumaratunga ya rasu shekara goma sha biyu kafin dokar, kuma faɗansa mafi zafi da 'yan'uwansa masu harshen Sinhala ne, masu fifita Turanci da masu lafta wa harshen kalmomin Sanskirit, amma adalci ne mai karatu ya sayi littattafan ɓangarorin biyu tun da ga su a wuri ɗaya.

Aibubban wurin ba ɓoyayyu ba ne. Kolombo gari ne mai zafi da laima, rumfunan kuma ba su da iska, saboda haka takarda tana shan wahala: akwai littattafan da suka yi tabo, akwai waɗanda ƙwari suka huda daga bango zuwa bango, akwai waɗanda ɗinkinsu ya saki. A wata rumfa an miƙo mini littafin nahawu a naɗe cikin leda, aka nuna rashin son a buɗe shi, da na nace sai na tarar shafuka da dama na tsakiya babu su, mai rumfar kuma bai rage ko sisi daga farashin da ya faɗa ba. A wata kuma an kawo mini kwafen inji da aka ɗaure da bango mai kyau a matsayin bugu na asali. Waɗannan ba su ne galibi ba, amma sun isa su sa mai saye ya ƙirga shafuka kafin ya biya, musamman a littafin nahawu inda jadawali ɗaya da ya ɓace yake lalata babi guda. Tsofaffin bugu kuma suna da haruffan da ake haɗewa da juna ta hanyar da bugun zamani ya rage amfani da ita, abin da zai wahalar da wanda bai daɗe da koyon karatu ba. Wanda yake fatan samun fassarar ayyukan Kumaratunga zuwa Turanci kada ya sa rai da yawa. Ni ban ci karo da ita a rumfunan ba, abin da na gani da Turanci rubuce-rubuce ne a kansa da kan tarihin adabin Sinhala.

Game da kuɗi, ba a manna farashi a kan yawancin littattafan, mai rumfa ne yake duban littafi ya dubi mai saye ya yanka. Baƙo zai ji farashin farko ya ɗan ɗaga, amma ana ciniki, kuma ragi ya fi samuwa ga wanda ya haɗa littattafai da yawa a rumfa ɗaya. Littattafan yara suna da araha ƙwarai. Tsofaffin bugun sharhi kuwa masu rumfunan sun san darajarsu, wani lokaci har sukan fi sabon bugu tsada. Kwatancin da ya dace a yi shi ne da shagunan sababbin littattafai, kuma ba su da nisa: kamfanin Godage yana nan cikin Maradana, shagon Gunasena yana titin Olcott ta wajen Pettah, kamfanin Visidunu kuma ya sake buga da yawa daga cikin ayyukan Kumaratunga. Tun bayan durƙushewar tattalin arzikin 2022, lokacin da takarda ta yi ƙarancin da har aka ɗage jarrabawar makarantu, farashin sabon littafi ya hau, sannan aka ɗora wa littattafai harajin kaya na kashi 18 cikin ɗari daga farkon 2024. Wannan ya ƙara wa rumfunan masu saye, musamman iyaye da ɗalibai. Shawarata ita ce a sayi littattafan yara da na koyon karatu a rumfunan, a sayi manyan littattafan nahawu sababbi domin a tabbata sun cika, a bar wa Maradana aikin farautar sharhohin da ba a cika samu a kan kantar shagunan zamani ba.

Lokacin zuwa da ya fi dacewa shi ne hantsi a ranar aiki, kafin rana ta take da kuma kafin ɗalibai su taso daga makarantun unguwar, domin kwalejojin Ananda da Zahira duka a Maradana suke. Ranar cikar wata, wadda ake kira Poya, hutu ce a faɗin ƙasar kowane wata, kuma ba abin dogaro ba ne a sami rumfunan a buɗe. Daga Mayu zuwa Satumba damina ce a wannan gefen tsibirin, ana rufe kayan waje da leda, bincike kuma yana ƙara wuya. A zo da ƙananan takardun rupi, kuɗin ƙasar, domin ciniki na hannu da hannu ne, a zo kuma da jaka mai hana ruwa. Musulmi ba zai sha wahalar salla ko abinci ba, tun da unguwar tana da Musulmi da yawa, da babban masallaci kusa da kwalejin Zahira, da gidajen abincin halal. Wanda zuwansa ya dace da watan Satumba yana iya haɗawa da baje kolin littattafai na ƙasa da ƙasa da ake yi a zauren taro na Bandaranaike, inda masu ɗab'i suke yin ragi, ya sayi nahawun a can, ya zo Maradana da jerin abin da ya rage masa.